Tabarma a Gindin Kowane Gado

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin mata a asibitinmu, wadda mu da likitoci da marasa lafiya duk muke kira Iya. Ta cika a ɗakin da ta ƙarar da ƙarfinta tana riƙe da shi. Ni ce mataimakiyarta. Ni na zare mata ƙarin ruwa, ni na shafe mata ido.

Iya, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakinki ya san ya bambanta da sauran. A gindin kowane gado akwai tabarma, a kan kowace tabarma akwai mutum guda daga dangin mara lafiya, ɗiya ko ƙanwa ko surukar da ta ajiye aikinta ta zo zaman jinya. Baƙi kan ɗauka rashin wayewa ne. Ba su san a ƙasar Turawa kika yi karatu ba, kuma ba ki taɓa raina abin da kika koyo a can ba. Kowa ya san ki a kan wanke hannu da ba da magani a kan lokaci, ko likita ne ya yi sake sai ya ji a jikinsa. Abu ɗaya ne kika ƙi ɗaukowa. Kin sha ba mu labarin wata tsohuwa da kika yi jinya a can, a ɗaki fes kamar a lashe, ga na'urori ga furanni, amma ta mutu ba kowa a kanta, sai mai goge-goge ce ta lura. Kika ce tun ranar kika yi wa Allah alkawari ba za a yi haka a hannunki ba.

Ba sakaka kika bar abin ba. Mutum ɗaya ga gado ɗaya, ko 'yar wace ce. Akwai bokiti da sabulu a bakin ƙofa, wadda ba ta wanke hannu ba ta koma. Kafin likita ya shigo zagaye an naɗe tabarmi, a wanke su a shanya a katangar baya. Ke da kanki kike koya wa masu zaman jinya yadda ake juya mara lafiya don kada bayanta ya yi gyambo, da yadda ake lura in ƙarin ruwa ya tsaya. In aka kawo wadda ba ta da kowa, sai ki ja tabarmar maƙwabciyarta zuwa tsakanin gadajen biyu, ki dafa mai zaman ki ce, “To 'yar nan, yau kin yi uwa biyu.”

Bakinki kuwa ba ya ɗaukar raini. Ban manta wani babban ma'aikaci da ya kawo mahaifiyarsa ba, yana ta duba agogo, ya ce 'yan'uwansa mata duk suna da uzuri, zai ɗauko wadda za ta zauna da ita. Kika dube shi sama da ƙasa kika ce, “Ɗana, ita da ta yi muku wankin kashi, ɗauko ta aka yi?” Kafin la'asar sai ga ƙanwarsa da tabarma a hammata.

Da sabon shugaban asibiti ya zo, ya zo da ƙwararru daga waje da tsarin da suka ce haka ake yi a ko'ina a duniya. A kwashe tabarmi, dangi su zo dubiya awa guda, in an kaɗa ƙararrawa kowa ya kama gabansa. Suka ce cunkoso na yaɗa cuta. Ba ki musa ba, kin ce gaskiya ne, shi ya sa kike da bokiti a ƙofa. Ina zaune a bayanki a taron lokacin da kika miƙe kika ce, “Ranka ya daɗe, magani na likita ne, jinya ta dangi ce. Mu a wurinmu ba a barin mutum ya yi ciwo shi kaɗai. In aka kwashe tabarmin nan ɗakin zai yi kyau a hoto, amma wa zai ji tsohuwa in ta ce ruwa?” Sauran ɗakuna duk aka bi sabon tsari. Naki kaɗai shugaban ya ɗaga wa ƙafa, ya ce saboda girmanki, muddin kina nan.

Sai ciwo ya kama ki. Aka ba ki ɗaki na musamman mai sanyi, kika ce sai dai cikin matanki. A nan ne hankalina ya tashi, don maigidanki ya daɗe da rasuwa, Allah bai bar miki 'ya'ya ba, ƙaninki kuma tsoho ne a gari mai nisa. Na shimfiɗa tabarma a gindin gadonki ina tunanin wa zai zauna a kai. Ashe labari ya riga ya zaga. Mai sayar da kayan miya da kika yi jinyar uwarta ce ta fara zuwa. Sai matar tela, sai wata malamar makaranta, sai matan da ban ma tuna fuskokinsu ba. Baranda ta cika har suna rigimar wa za ta shiga. Na ce a bar biyu ko uku su zauna, ai ke ce. Kika buɗe ido da ƙyar kika ce, “Ɗaya. Kuma ta wanke hannu.” Na yi dariya, na fita baya na yi kuka. Haka suka yi ta karɓa-karɓa, kuma da rai ya yi halinsa akwai mai riƙe da hannunki tana laƙƙana miki kalmar shahada.

Iya, ƙasar kabarinki ba ta bushe ba shugaba ya kira ni ofis. Ya yi mini gaisuwa cikin mutunci, ya ce kujerarki tawa ce, sannan ya ce kafin ƙarshen wata a kwashe tabarmin. Ba ni da girmanki, ba ni da bakinki, kuma ina da 'ya'yan da wannan aikin ke ciyarwa. Amma na ce masa in zai ba ni ɗakin, ya ba ni shi yadda kika bari. In kuwa sai an kwashe, ya sa wani ya kwashe, hannuna ba zai yi ba, kuma zan tsaya gaban hukumar asibiti in faɗi dalili ko da shi ne ƙarshen aikina. Har yau bai ba ni amsa ba.

Allah ya jiƙan ki, Iya. Allah ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, ya yalwata kabarinki, ya ɗebe miki kewa kamar yadda kika ɗebe wa bayinsa. Allah ya sa Aljanna ce makomarki, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙaninki da iyalansa, da abokan aikinmu. Ku kuma matan baranda da kuka zame mata dangi, Allah ya ba ku haƙuri, ya saka muku da alheri. In Allah ya jarrabi wata taku da ciwo aka kawo ta ɗakinmu, kada ku tsaya jiran ƙararrawa. Ku taho da tabarmarku, ni ce a bakin ƙofa.