Siminti, Banki da Kunnen Ɗana

Shekarar da muka sayar da gonar gadonmu ta Toranke, ƙannena biyu suka bar kuɗin a hannuna, don ni ne babba, kuma tun rasuwar mahaifinmu ba mu raba gandu ba. Babban ɗana, mai koyar da lissafi a wata sakandare a Gaya, ya ba da shawara mu sayi hannun jari a kamfanoni biyu, ɗaya na siminti, ɗaya banki.

Ya kawo kwamfutarsa zaure. Ya buɗe jadawali gida-gida, ya jera farashin kowanne wata bayan wata. Na bankin tsalle yake kamar ɗan akuya, yau sama gobe ƙasa. Na simintin tafiyar jaki yake. Ya yi ta canza rabon yana duba wani gida a ƙasa, inda ake auna riba da yawan wannan tsallen, har ya tsaya inda lambar ta fi girma: kashi biyu siminti, kashi ɗaya banki.

"Baba, kamar gero da wake ne a gona ɗaya," in ji shi. "Ba nan riba ta fi yawa ba, amma nan ta fi biyan kasadar da muka ɗauka."

Na gyaɗa kai. A raina kuwa duba yake yi mini irin na masu buga ƙasa, sai dai da na'ura. Na ɗauka ta hango gobe.

Kafin kaka ta zagayo, bankin ya yi tashin da ba wanda ya zata, siminti na nan inda yake. Ranar kasuwar Ajingi ƙaramin ƙanena ya tare ni a rumfar masu gyaɗa.

"Yaya, an ce malamin gidanka ya zuba mana gado a buhun siminti. Mu zo da shebur mu kwashi rabonmu?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Ban sayi abin da na je saye ba, na juyo gida. Na iske ɗan nawa a zaure bayan la'asar, kwamfutar na kan cinyarsa.

"Na'urarka ba ta ga wannan ba?"

"Ba ta ganin gaba, Baba. Abin da ya wuce take aunawa."

"Ka san makauniya ce ka sa ni a bakin kasuwa?"

Ya juyo da ita zai nuna mini. Akwai ƙotar fartanya jingine da bango, na rarumo ta. Dukan farko ya tarwatsa gilashin. Ya sa hannu zai kare, na biyu ya karya masa yatsu. Na uku ya sauka a kunnensa na hagu. Jini ya bi wuyansa ya jiƙa farar rigarsa. Magidanci ne mai 'ya'ya, ya fi ni ƙarfi nesa, amma durƙusawa ya yi kamar yadda ya saba tun yana yaro, yana cewa, "Ka yi haƙuri, Baba." Na ƙara ɗagawa, uwarsa ta fito ba mayafi ta rungume ƙotar.

A babur maƙwabci ya kai shi asibiti a Gaya. Yatsun sun haɗu a karkace. Dodon kunnen ya fashe.

Hannun jarin na nan yadda ya raba su. Ban san ko sun hau ko sun sauka ba, ƙannena ma sun daina tambaya. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ni. Idan na yi magana ta hagunsa, sai ya juyo da kai a hankali ya ce, "Na'am, Baba?" Yanzu in na ji sallamarsa, nakan ja buzuna in koma ta damansa.