Delbert da Bututun Bindigarsa Biyu

Delbert Haugen maƙwabcina ne tun muna samari, kuma ban taɓa ganin ya zaɓi wani abu da kansa ba. In ya shiga gidan abinci, kofinsa kan huce yana nan tsakanin wainar ƙwai da soyayyen dankali. Matarsa Verna ce ta ce masa su yi aure, ita kuma ta sa rana. Tuƙin bas ɗin makaranta ya yi masa daidai, don hanya ɗaya ce, je ka dawo, har ya yi ritaya.

Da zaman gida ya ishe shi sai ya ce shi ma zai fara farautar barewa kamar sauran mazan wannan gefe na jihar Montana a Amurka. Abin mamaki, kai tsaye ya ce bindiga mai cin harsashi ɗaya yake so, irin wadda ake karyawa a tsakiya, a zura harsashi, a rufe.

"Mai cin da yawa, sai mutum ya tsaya tunanin ko ya ƙara," in ji shi. "Wannan kuwa ka harba, magana ta ƙare."

Ashe bai san kowace da girman harsashin da aka ƙera ta a kai ba. Orval, mai shagon bindigogi, ya ajiye masa harsashi iri biyu a kan kanta. Ɗaya siriri ne mai gudu, yana kaiwa nesa. Ɗayan ƙato kamar babban yatsa, ba ya nisa, amma abin da ya samu ba ya tashi. Nan take tsofaffin da ke shan kofi a gindin murhu suka rabu biyu.

"Ɗauki ƙaton, Delbert, kai ba yaro ba ne!" in ji wani.

"Rabu da shi," wani ya ce, "so yake kafaɗarka ta koma bayan kunnenka."

Daga ranar, duk Asabar Delbert na shagon, harsashi a kowane hannu, yana aunawa. Ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fito, aka yanka aka ɗaure, yana nan.

"Bawan Allah, harsasan nan har sun fara gaishe ka," in ji Orval. "Ga wata bindiga da ake canja wa bututu. Ƙota ɗaya, bututu biyu, kowanne da harsashinsa. Kwashe duka ka ba ni wuri."

Delbert ya kusa rungume shi.

Da lokacin farauta ya yi, ni na raka shi. Muka laɓe bayan damman ciyawa a bakin wata gona, sanyi na cin kunnuwanmu. Sai na lura bai ɗaura ko ɗaya ba: ƙota a hannu, bututu biyu a cinya, sukudireba a baki.

Can sai ga namijin barewa mai manyan ƙahonni a ƙarshen gona.

"Yana nesa," Delbert ya raɗa mini. "Siririn."

Ya kama ɗaurawa. Kafin ya gama, barewa ya tako zuwa wajenmu.

"Ya matso! Ƙaton."

Ya kwance, ya ɗauko ɗayan. Barewa ya ɗan ja baya ya tsaya.

"Don Allah harba mana!" na ce.

"Da wanne? Kai ma kana gani, yanzu tsaka-tsaki yake."

Noti ya suɓuce ya nutse a ƙanƙara. Muka durƙusa mu biyu muna lalube, bututu ya bugi bututu ƙwal. Da muka ɗago kai, barewa na tsaye a ɗaya gefen damin, yana cin ciyawar da muka laɓe da ita. Ya kalle mu, ya gama taunarsa, ya tafi abinsa ba gaggawa.

Verna ta ji labari. Ta ɗauke siririn bututun ta tokare ƙofar akurkin kaji da shi, ta ce duk wanda ya taɓa, shi zai kwana da kajin.

Mako na gaba muka koma da ƙaton kaɗai. Wani barewa ya fito. Delbert ya hau dami ya zauna, ya rufe ido ɗaya, ina jin har na biyun ma, ya danna kunama. Bindigar nan ta yi masa harbin jaki. Hula ta yi gabas, tabarau ya yi yamma, shi kuma sai tafin takalmansa na gani a sama. Barewa ko gashinsa bai girgiza ba. Amma turken shingen gonar, wanda ke gefe guda can, ya samu rami mai kyau a tsakiyarsa.

Yana kwance rigingine yana haki ya ce, "Ka gani? Na samu wani abu?"

"Ka samu," na ce. "Kuma bai gudu ba."

Mai gonar ya sa shi ya kafa sabon turke. Tsohon kuwa Delbert ya ɗora a bayan a-kori-kura ya kai gida, ya shafe shi da mai, ya rataye a falo, inda sauran mutane ke rataye ƙahonni. Baƙo in ya zo, sai an sa shi ya zura yatsa a ramin kafin a ba shi kujera.