Takardar Sallama Babu Suna

A shagon buga takardu da ke bakin kasuwar Kalgo, wani dattijo yana zaune a benci, hularsa a gwiwa. Rigarsa fes take, amma fulawa ta maƙale a farcensa. Da gani mai gidan burodi ne, irin wanda har yau yake kwaɓi tare da ma'aikatansa.

Yana yi wa Sharifa mai bugawa bayanin da ba ta nema ba. An ƙara mafi ƙarancin albashi, kuma an ce dokar ta hau kan duk mai ma'aikata ashirin da biyar. Nasa ashirin da biyar ne cif, ciniki kuwa ba zai ɗauka ba. In ya sallami ɗaya, ya fita daga dokar, sauran su tsira da aikinsu.

"Baba, sunan wa za ni sa?"

Yana lanƙwasa yatsu, leɓɓansa na motsi. Wataƙila wannan matarsa ta haihu, wancan kuwa tare suka gina tanderun.

"Bar wurin hakanan, ɗiyata."

Ya naɗe takardar, ya tsaya bakin titi. Motar Gwandu ta uku ke nan tana wucewa, bai ɗaga hannu ba.