Akuyar da Aka Ce Ta Taɓu

Kakarmu Inna Hajo ba ta rowar kalmar hauka. Ɗan kabu-kabu ya wuce da gudu zuwa Konni, haukan gudu ne. Gero ya yi tsada, kasuwa ta haukace. Ni kaina in na cika dariya sai ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi ne wanga hauka?" Amma a nuna mata mutum a ce mahaukaci ne, nan take za ta tsuke fuska ta ce, "Wa ya fara faɗi?"

Lokacin Gwaggo Kulu, ƙanwar babanmu, tana gidanmu a Illela. Mijinta ya rasu, wansa Alhaji Bawa ya dawo da ita daga Kalmalo, wai ta taɓu. Ya riƙe 'ya'yanta da fadamar albasarsu, wai har sai ta warke. Kullum Juma'a yana tafe da rubutu da turare, yana girgiza kai. Inna ba ta yarda da wannan tausayin ba ko kaɗan.

Wata Juma'a bayan magariba muna kewaye da murhu, Alhaji na zaune kan tabarma, Inna ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan tafe, mai kunne ya tara."

Wai kura aka ba tsaron garke. Wata akuya ta gan ta da jini a baki. Kafin gari ya waye kura ta bi gida-gida tana hawaye: "Allah sarki, akuya ta taɓu, ku yi mata addu'a." Da akuya ta zo da labari, aka yi ta dariya. Ta ɗaga murya, aka ce kun gani? Ta yi kuka, aka kawo igiya.

Na ce, "Inna, sai aka yi yaya?"

"Tambayi Alhaji, shi ya san dawa."

Alhaji ya yi 'yar dariya, ya laluba takalminsa. Gwaggo tana bakin ɗaki tana kallonsa.

Na girma ina juya abin, kuma har yau yana ci mini rai. Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi jifa ko ta yaga zane ba. Magana ɗaya take maimaitawa, a ba ta 'ya'yanta. Har ta koma ga Allah ba a ce ta warke ba, don wanda zai faɗa shi ke noman fadamar.