Jirgin Ruwan Taiba

Yayata Taiba ta yi shekara arba'in tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuliƙuli, kuma a cikin shekarun nan sau ɗaya tak na ji ta faɗi abin da ke ranta. Zurfin ciki gare ta na ban haushi. Mijinta Balarabe ma haka yake, sai dai shi nasa ya haɗa da taurin kai. Ni Hindu, ƙanwarta, ni aka bar wa baki a gidanmu, don haka ni zan faɗa.

A Tungar Yari muka zauna dukanmu, wani ɗan ƙauye a bakin gulbi kusa da Maradun. Balarabe na noman albasa da shinkafa a fadama. 'Yarsu ta fari sunanta Bilkisu, amma ba daga bakinsu za ka ji sunan ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, uba ma haka. Kakarmu Bafillatana ce, kunyar ta bi jininmu har ta yi yawa. Bilkisu na da shekara huɗu baƙon dauro ya ɗauke ta. Aka binne ta a bayan gari, Taiba ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba, washegari ma ita ta hura wuta. Ni na yi kukan, nawa da nata. Daga baya ta haifi maza biyu, suka girma suka tafi neman kuɗi Gusau. Shekara ashirin da ɗoriya, ita da Balarabe ba su taɓa tayar da zancen yarinyar ba.

Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya fara hawowa a hankali, aka ce kowa ya tashi. Mutane suka ɓalle ƙofofi, suka sauke azara, har dutsen niƙa aka ɗauka. Kabari kuwa ba ya ɗaukuwa. Aka zuba mu a kan wani tudu mai tsakuwa, inda in ka tsaya a ƙofar gida babu abin da kake gani sai ruwa, shimfiɗe a kan gonaki da masallaci da maƙabarta.

A nan na fara lura da su. Kullum bayan la'asar Balarabe zai gangara bakin ruwa ya tsaya, hannu a baya, har rana ta yi ja. Taiba kuma ta matsar da turminta zuwa inda katanga ta yi gajarta, tana daka tana kallon waje guda a tsakiyar ruwan. Shi yana ganin tana ramewa, ita tana ganin yana ramewa. Da ɗayansu ya buɗe baki ya yi tambaya guda, da an huta. Amma tambayar sai ta bi ta kan sunan da ba sa kira.

Taiba na da shanu biyu a hannun Hamma makiyayi, na guminta, kuma abin mace nata ne, miji ba ya bincike. Wata Talata ta sa Hamma ya kai su kasuwar Mafara. Sai ga wani Ayuba, cikin Sarkawa masunta da suka biyo kifi daga yamma bayan an yi dam, ya turo jirgin katako har gindin tudunmu, dogo, baƙi, yana warin kwalta. Ta ce in rufa mata asiri sai an gama gyara shi.

Ashe shi ma gogan yana nasa. Ya karɓi diyyar fadamarsa, ya ce zai je duba wani ɗan'uwa a ƙasar Bakura. Ran Juma'a ya dawo da sabuwar hula, ya zauna a bakin tabarma, ya yi gyaran murya.

"Taiba, ki hwara haɗa kaya. Na saya miki gida Damri, da 'yar gona bayanai. Can babu ruwa sai na rijiya."

Ta ajiye ludayi.

"Malam, taho in gwada maka wani abu."

Muka gangara mu uku. Ya ga jirgin ɗaure a turke.

"Na wa na wanga?"

"Naka na. Ni nis saya maka."

Mutumin da bai taɓa riƙe filafilin tuƙa jirgi ba, wanda ko a gulbi sai ruwa ya janye zuwa gwiwa yake ƙetarawa. Ya zagaya jirgin, ya shafa gefensa, ya ce an gode. Ita ma ta ce ta gode da gida. Babu wanda ya tambayi dalili. Na ji kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Washegari da hantsi turke ya wayi gari babu jirgi. Igiyar ba a yanke ta ba, kwance ta aka yi, a nannaɗe tsaf a gindin turken. Jirgin kuwa yana can nesa a tsakiyar ruwa, tsaye cak. Iska na kaɗawa, ciyayi na wucewa ta gefensa, shi ko motsi. Ayuba ya je ya jawo shi. Kwana biyu aka sake, sannan aka sake. Na zargi Balarabe, na zargi Taiba, har na kwana a ɗakinta, ba ta fita ba. Balarabe ya sa sarƙa, da safe sarƙar na nan a ajiye.

A karo na huɗu Ayuba ya dawo fuskarsa ba daɗi. Shi baƙo ne, bai san garin da ke ƙarƙashi ba.

"Baba, mi ag ga ƙasan wurin can? Kullum nan ɗai nika iske shi. Kuma cikinai busasshe ƙayau, amma katakon gaba jiƙe, ɗan wuri kaɗan, awa inda yaro ya zamna."

Balarabe ya dubi ƙasa. Taiba ta gyara lulluɓinta. Ni dai na san daidai inda maƙabartarmu take in an auna da dutsen da ke hayi, su ma sun sani.

Ranar tashi ta zo. Balarabe ya ɗauko hayar wata tsohuwar mota mai bodin katako, aka loda gado da tukwane da turmi da buhunan gero. Jirgi na can wurinsa tun asuba. Direba ya tayar da mota, Taiba ta tsaya a ƙofar gida ba ta hau ba. Ba ta ce ba za ta je ba, tsayawa kawai ta yi, kuma na san tsayuwar yayata, ko za a kai gobe ba za ta ɗaga ƙafa ba. Balarabe ya dube ta, ya dubi ruwa, ya ce direba ya kashe mota. Ya aika aka kira Ayuba ya kai mu can a nasa jirgin.

Rana na tsaka muka isa. Wurin shiru, ko tsuntsu babu. Ruwan kore ne, ba a ganin komai a ciki, amma kowa idonsa na ƙasa. Ayuba ya kama gefen jirgin Taiba ya riƙe.

"Na aza kai kaka son zuwa," in ji Taiba, muryarta can ƙasa.

"Ni ko na aza ke kika son nisa da shi," in ji Balarabe.

"Ba ni iya barin ta cikin sanyin ga ita ɗai."

Wannan ne karo na farko da na ji ta ce ko da "ita". Balarabe ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ayuba ya ɗaura igiya ya fara ja, sai na ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce jirgin ya fi na kullum nauyi.

"Ja sannu," in ji Taiba. "Ba ta saba ba."

Da muka iso gaɓa ta ce a sa jirgin a mota. Direba ya yi dariya, ya ce Damri tsandauri ce, me za a yi da jirgi, kuma ma babu wuri. Balarabe ya nufi motar. Ya hau da kansa ya sauke gadonsa da garmarsa da buhu biyu na gero, ya ce in riƙe. Maza takwas suka ɗora jirgin, rabinsa ya leƙo waje. Taiba ta ƙi shiga gaba, ta zauna a baya cikin rana, hannunta a kan katakon gaba, tana ce wa direba ya bi ramuka a hankali. Na raka su don in taya ta jere.

Shekara goma sha tara ta yi a Damri kafin ta rasu, tana suyarta, jirgin na ƙarƙashin rumfar da Balarabe ya kafa masa a tsakar gida. Kaza ba ta taɓa yin ƙwai a ciki ba, jikoki kuma ba sai an hana su hawa ba.

Amma ranar da muka isa nake so in faɗa. Bayan an sauke kaya, mai unguwa ya zo yi musu barka da zuwa. Aka yi doguwar gaisuwa, gajiya da hanya da mutanen da aka baro. Sannan ya tambaya, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, mutum nawa ne za su zauna a gidan, tunda ni gobe zan koma.

"Mu biyu na," in ji Balarabe.

Ya waiwaya tsakar gida, inda Taiba ke durƙushe tana shimfiɗa zane a cikin jirgin.

"Ukku," ya ce.