Sista Ba-Yanzu-Ba

Kafin mai shara ta gama goge barandar asibitin, Sista ta riga ta iso, tana tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Akwai kujera a ofishinta, amma jakarta ce ke zama a kai. A sashen ƙashi take aiki. Duk wanda za a sauya wa gwiwa ko ƙugu sai ya bi ta hannunta an ɗebi jininsa, kuma in aka ga ƙwayar ciwon hanta ta daɗe a jikinsa, ita ce mai baƙin jinin faɗa masa an ɗage aikin. Nan ta samo suna. Har likitoci Sista Ba-Yanzu-Ba suke ce mata.

Ni ban iya jira ba, gadon Baba na yi. Mai aski ne, gwiwa ta hana shi tsayuwa, har abokansa na zolayarsa wai mai askin da wanda ake yi wa askin duk a zaune suke. Da aka sa ranar aiki, sabon takalmi ya saya. Sai ga ta da sakamakon jini.

"Baba, ba yanzu ba. Akwai baƙuwa a hantarku."

"Gwiwa ta kawo ni, 'yar nan. Hanta ba ta taɓa kawo mini ƙara ba."

"Ai ita shiru take ɓarna. In aka sa ƙarfe a jiki tana nan, ciwon kan ƙi warkewa, jini ya ƙi tsayawa. Ku sha magani 'yan watanni mu kore ta, sai a yi aikin hankali kwance."

Raina ya ɓaci, na Baba ya fi. Ya rarumi sandarsa.

Sashen hanta yana can ƙarshen wata doguwar baranda, ƙofar fita kuma a tsakiyarta take. Nan masu fushi ke sulalewa. Wasu su koma gida su zauna da cutar, wasu su je wani wurin su ɓoye sakamakon a yi musu aiki, su dawo gwiwa na zubar da mugunya. Shi ya sa ba ta taɓa nuna wa mutum hanya da yatsa ba. Da ƙafarta take raka shi, kuma kullum ita ce a gefen ƙofar. Mace mai saurin nan sai ka ga ta rage tafiya, taku ɗaya ita, taku ɗaya sanda. Mai gadi ya ce ya taɓa ganin ta ta bi wata tsohuwa har bakin titi, ta dawo da ita suna dariya.

Da take raka mu sashen hantar, daidai ƙofar Baba ya tsaya, muryarsa ta yi ƙasa. "In aka ji, wa zai sake ba ni kansa?"

"Daga bakina ba mai ji. Ku dai ci gaba da sa sabuwar reza ga kowane kai."

Watannin nan ba mu zauna ba. Baba ya saka takalmin, ya cire, ya mayar kwali. Ita kuma ta buga waya, ko gaisuwa ba ta gamawa: "Kun sha?" Daga baya jini ya fito fes, aka yi aikin, ciwo ya warke lafiya lau. Yau a tsaye yake aski.

Sista, ke ce wadda aka zaga da safe, aka yi wa addu'a bayan shekara. Ke ce kika yarda a tsane ki don ƙafar wani ta taka ƙasa.

A watan jiya ta yi ritaya. Barandar nan ta cinye gwiwarta, ita ma za a sauya mata. Da aka ɗebi jininta sai ga baƙuwar, wataƙila daga wata allura da ta taɓa soke ta a bakin aiki. Ita ta ce in faɗa, Baba ma ya ce ya daina ɓoye nasa.

Mun je yi mata murnar ritaya muka tarar da ita a tsakiyar barandar da sanda, idonta a kan ƙofar fita. Ashe ita ma an ɗage mata aikin, an tura ta sashen hanta.

Sista, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da ke aiki bayanta, in kun ce wa mutum ya jira, kada ku bar shi shi kaɗai, ku tashi ku raka shi. Abin da Baba ya yi ke nan ran nan. Ya zagaya ya tsaya a gefen ƙofar.

"Sista, ba yanzu ba."

Ta harare shi, idonta ya cika. "Kai, Baba! Ashe haka maganar nan take da ɗaci?"

"Da ruwa ake haɗiye ta," in ji shi. "Mu je, ba sauri nake ba."