Bokolo a takardar kilishi

Na yi ritaya daga koyar da zane a sakandare da abubuwa biyu: ciwon baya, da shagon da ke jikin zauren gidana a Minanata. A shagon nake aikina na bugun hannu. Nakan sayo robar da ake yin ƙasan takalmi da ita, in zana hoto a kai a juye, in sassaƙe da ƙarfen tsohuwar lema wanda na wasa, in shafa tawada, in ɗora takarda, in murje da bayan cokali. Ɗalibaina a da sun ɗauki wannan a matsayin horo. Ni kuwa har yau ban ga abin da ya fi shi daɗi ba.

Autata ta dawo daga jami'a da kwamfuta, tana tsara wa mutane katin biki da tallar kaya. Aikinta yana da kyau, ba na musu. Sai dai ta ƙyalla ido a kan shagon, domin shi ke kallon titi, kuma soket ɗinsa ne kaɗai bai ƙone ba a gidan.

"Baba, ka huta mana," in ji ta. "Abin da kake yini kana yi, kafin shayi ya huce na gama."

Ana haka sai kawunta, yayan mahaifiyarta, ya aiko. Alhaji ne mai kilishi a Gidan Dare, ya gaji fawa kaka da kakanni, yanzu kuma kilishinsa na tafiya har kudu, yana son tambari a takardar naɗi. Autar ce ta kawo shawarar ni da ita kowa ya yi nasa, wanda Kawu ya zaɓa shi ke da shago. Na amince a gaban uwarta, wadda ba ta taɓa manta alkawarin da wani ya ɗauka ba.

A ranar ta gama nata. Ni kuwa kara na tafi, kasuwar shanu, na zauna a benci cikin ƙudaje ina kallon wani sa Bokolo, irin namu mai gajeren ƙaho da ƙaton tozo. Ƙa'idar sassaƙa ɗaya ce: abin da ka yanke daga roba ba ya dawowa. Shi ya sa ake daɗewa ana kallo kafin a taɓa.

Ranar hukunci Alhaji ya zauna a darduma a zaurena, autar ta buɗe masa kwamfuta. Saniya ce mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, tsaye cikin koriyar ciyawar da Sakkwato ba ta taɓa gani ba ko a tsakiyar damina.

"Ɗiyata," ya ce, "wagga nagge ta wane gari ta?"

"Kawu, a intanet na samo ta."

"To a maishe ta garinsu. Ba tozo, ga hantsa cike da nono. Wa ka yanka mai shayarwa shi yi kilishi? So kike a ce kawunki ya taɓu?"

Ba ta ko girgiza ba. Muna kallo ta share hantsar, ta ɗora tozo, ta mai da jikin fari fat. Gaskiya abin ya burge ni, har na fara tunanin inda zan kai robobina.

Alhaji ya daɗe yana dubawa. "Kin naɗa ma Bature rawani," ya ce. "Har yanzu Bature na."

Na miƙa masa nawa, bugun jar tawada mai launin kilishi. Ya kai shi nesa, ya kawo shi kusa, kamar mai tayin sa.

"Wanga kam Bokolo na. Amma Malam, ka rage mai cinya. Ka manta da cinya aka kilishi?"

Ya yi gaskiya. Hannuna ya zarce a wurin. Na gaya masa ba ya gyaruwa, sai dai a soma sabuwar roba.

"Kawu, ba ni shi, yanzu in ƙara masa ƙiba," in ji autar, tana dariya.

"A'a, bar shi. Haka sa yake in ya sha rani. Kowa ya gan shi ya san a kararmu anka saye shi." Ya linke takardar ya sa a aljihu, ya nemi takalmansa.

Shago dai ya tabbata nawa. Sai dai yawan takardun da Alhaji ke so ya fi ƙarfin cokali, balle bayana. Don haka ita ta ɗauki hoton bugun, inji ya buga sauran. Na bincika da kyau, cinyar tana nan a rame yadda na bar ta.

Na ba ta aron kusurwar da soket yake, nakan kuma tuna mata cewa aro ne. Makullin yana aljihuna. Kowace safiya sai ta yi sallama kafin ta shigo, ni kuma ba na gaggawar amsawa in ina tsakiyar yanka.